Ka duba ko yana da rai?

Ranar wata Alhamis a 2021, ina shekarata ta biyu da fara aikin lauya a wani ofishi a Kaduna, Oga ya turo mini fayil ya ce in nemo masa madogara kafin Litinin. Shari'ar gida ce. Wanda muke karewa wani dattijo ne, tela, a Tudun Wada. Ya sayi gidan shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ya zauna a ciki, ya aurar da 'ya'ya a ciki, har ya ƙara ɗaki biyu da shago a ƙofar gida. Wanda ya sayar masa ya rasu, sai magada suka garzaya Babbar Kotun Jiha suna cewa aro mahaifinsu ya ba shi, ba sayarwa ba.

Takarda ɗaya ce tak a hannun dattijon. Ya zo da ita a naɗe cikin leda, ledar kuma cikin wata ledar. Da tafireta aka buga ta, ga sa hannun mai sayarwa, ga dangwalen shaidu biyu, ga hatimin mai unguwa. Tsabar ninki har ta fara tsagewa a tsakiya, an liƙe da salatif. Na ce, "Baba, kun kai ta ma'aikatar ƙasa an yi mata rajista?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya taɓa zuwa duniyar wata. Ya ce, "Rajistar me kuma, ɗana? Ba ga hatimin mai unguwa nan ba?"

To, a nan gizo ke saƙar. Sashe na 15 na Dokar Rajistar Ƙasa, kamar yadda yake a kundin dokokin jihar Kaduna na 1991, cewa ya yi takardar da ta shafi mallakar ƙasa, in dai doka ta ce a yi mata rajista kuma ba a yi ba, ba a kafa hujja da ita a takardun ƙara, ba a kuma karɓar ta a matsayin shaida. Kusan kowace jiha tana da irin wannan sashen. Gidaje nawa aka yi asara ta wannan ƙofar, Allah kaɗai ya sani.

Amma ni ban damu ba, don ina da makami. Tun muna Makarantar Horar da Lauyoyi ake ta zancen shari'ar Benjamin da Kalio. Kotun Ƙoli ta yanke ta ranar 15 ga Disamba 2017, alƙalai bakwai suka zauna, Mai shari'a Ejembi Eko ya karanta babban hukunci. Daga jihar Ribas ta taso, kan sashe na 20 na dokar can, wanda ɗan'uwan namu sashen ne. Kotu ta ce tun daga kundin tsarin mulki na 1979, kuma haka yake a na 1999, batun shaida yana cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, shi ne na 23 a jerin. Saboda haka majalisar jiha ba ta isa ta ce kada a karɓi takardar da Dokar Shaida ta yarda a karɓa ba. Na ɗauko NWLR, kundin rahotannin shari'a na mako-mako, na 2018, kashi na 1641, shafi na 38, na yi hoton shafukan, na bi su da alƙalami mai ruwan ɗorawa. Kafin la'asar na gama. Har na tsaya shan shayi a hanya, ina jin kaina.

Washegari da safe na shiga wurin Oga na ajiye masa a kan tebur. Ya ɗaga shafin farko, ya sauke tabarau kan hanci, ya ce, "Barista, yana da rai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Kotun Ƙoli ce fa. Alƙalai bakwai."

Ya ce, "Ba asalinsa na tambaye ka ba. Lafiyarsa na tambaya."

Oga ya yi karatun zaure kafin ya yi boko, kuma da misalin can yake koyar da mu. Ya ce ko a tafsiri malami ba ya buɗe baki ya yi fatawa da aya sai ya san nasikhi da mansukhi, don aya tana iya kasancewa a rubuce, ana karanta ta, alhali hukuncinta an ɗauke shi da wata da ta zo daga baya. "Wannan maganar Allah ke nan, balle maganar 'yan Adam da ke zaune a Abuja. Littafin da ka ɗauko, ranar da aka buga shi ya daina jin labari. Je ka tambayo mini abin da ya faru bayan nan." Ya miƙo mini takarduna.

Na koma teburina ina ɗan ƙunƙuni. Abu na farko da aka koya mana shi ne a bi sawun shari'ar kanta: an ɗaukaka ƙara? An soke hukuncin a sama? Wannan shi ke cin mutane idan hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara suka riƙe, ka zo kotu kana karanta shi da ƙarfi, lauyan ɗaya ɓangaren ya bari sai ka kai aya sannan ya miƙe ya ce Kotun Ƙoli ta rushe shi bara. Nawa ba shi da wannan matsalar. Sashe na 235 na kundin tsarin mulki ya ce daga Kotun Ƙoli babu sama. Minti biyu na wuce wurin.

Sai na zauna na karanta hukuncin gaba ɗaya, abin da, in faɗi gaskiya, ban yi ba ranar Alhamis. Taƙaitawar da ke sama na karanta, wadda ba alƙali ne ya rubuta ta ba, ma'aikatan kamfanin buga rahoto ne. Ana so ka gane ko maganar da kake so ita ce ginshiƙin da hukunci ya tsaya a kai, ko kuwa magana ce ta gefe da alƙali ya yar a hanya. Ta gefe ana jin ta da girmamawa, amma ba ta ɗaure kowa. A nan ma na tsira. An yi jayayya a kan batun, an tattauna shi, an yanke. Ginshiƙi ne.

Bayan Juma'a na buɗe manhajar rahotannin shari'a da ofishinmu ke biyan kuɗinta, na sa sunan shari'ar, na nemi jerin duk hukunce-hukuncen da suka ambace ta. Suka zubo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina neman kalmomin da ke tsinka zuciyar lauya: an soke, an kauce masa, an bambanta, an yi shakka. Ban ga ko ɗaya da ya girgiza ni ba. Sai ma wata garaɓasa da na samu, shari'ar Anagbado da Faruk, ita ma ta Kotun Ƙoli, ta 2018, kuma daga Kaduna ta taso. A cikinta Mai shari'a Eko ya sake nanata wannan matsayin, a kan sashe na 15 ɗin namu da kansa. Me kuma ya rage? Ga uwa, ga 'ya, ga dokar jiharmu. Na rufe kwamfuta na fara haɗa jaka.

Akwai wani dattijon akawu a ofishin, ya fi shekara talatin yana kai takardu kotu, kuma ya fi yawancinmu sanin aikin ko da yake bai taɓa sa baƙar riga ba. Malam muke ce masa. Yana kallona ina ta murmushi ni kaɗai. Ya ce, "Barista, ka gama?" Na ce na gama, Malam, duk waɗanda suka ambace shi na duba. Ya ce, "To waɗanda ba su ambace shi ba fa?"

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Sai ya tashi ya zaro wani tsohon kundin NWLR daga kanta, na shekarun farko-farko, tun lokacin da marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitar da su a 1985. Ya buɗe ya nuna mini gefen shafi. Rubutun Oga ne da fensir, ƙanana kamar sawun tururuwa: duba kaza, kashi kaza, an bi shi a kaza, hattara, kaza ya saɓa masa. Kowane layi da kwanan wata. Malam ya ce a wancan zamanin duk sati in sabon kashi ya iso, Oga zai karanta shi daga bango zuwa bango, sannan ya bi tsofaffin kundaye yana yi musu wannan. "Shi ba da suna yake bi ba. Da mas'ala yake bi. Alƙali zai iya rushe maka katanga bai ko yi maka sallama ba."

Daga baya na karanta cewa a Amurka ma da irin wannan aka faro. Wani mai sayar da littattafan shari'a, Frank Shepard, a 1873 ya fara buga 'yan takardu masu gam da lauyoyi ke mannawa a gefen hukunci, ɗauke da jerin shari'un da suka ambace shi, har sunansa ya zama sunan aikin a can. Yau kwamfuta ke yi, da tutocin gargaɗi ja da ruwan ɗorawa. Amma dabarar ba ta canza ba: jerin ana gina shi ne daga waɗanda suka kira suna. Wanda bai kira ba, ba ya ciki.

Na sake buɗe kwamfutar. Wannan karon ban sa sunan kowa ba. Na rubuta mas'alar: takardar ƙasa da ba a yi wa rajista ba, karɓarta a matsayin shaida. Na ce Kotun Ƙoli kaɗai, na jera daga sabo zuwa tsoho. Wuta ta ɗauke a daidai nan, aka ɗan jima kafin a tada janareto, ni kuma ina zaune da hasken waya ina cewa ɓata lokaci ne kawai. Da allon ya dawo, a can sama-sama na ga shari'ar Abdullahi da Adetutu.

Kotun Ƙoli, 12 ga Afrilu 2019, daga Legas. Alƙalai biyar, Mai shari'a Chima Nweze ya karanta babban hukunci. Na fara karantawa a tsaye, na ƙarasa a zaune. Kotu ta koma tsohon matsayi sak: takardar da ya kamata a yi wa rajista ba a yi ba, ba a karɓar ta don tabbatar da mallaka. Na bi hukuncin daga farko har ƙarshe ina neman inda aka ambaci Benjamin da Kalio, ko don a ce an soke shi, ko a ce an bambanta. Babu. Ko sau ɗaya. Kamar ba a taɓa yin sa ba. Shi ya sa bai fito a jerina na farko ba, kuma da na tafi gida a lokacin da na yi niyya, da ranar zaman kotu zan fara jin sunansa daga bakin abokin hamayya.

Murna ta koma ciki. Na zauna ina kallon takardun nan da na sha wa ruwan ɗorawa.

Wani ɗan abu da na lura da shi a daren, wanda tun daga nan nake faɗa wa duk sabon lauya: shekarar da ke jikin lambar rahoto ba lallai ne ta zama ita ce shekarar hukunci ba. Benjamin an yanke shi a 2017, ya fito a kundin 2018. Anagbado an yanke a 2018, ya fito a na 2019. Adetutu an yanke a 2019, sai a na 2020 ya fito, kashi na 1711, shafi na 338. Idan tambayarka ita ce wane ne ya zo daga baya, ranar da aka karanta hukunci za ka duba, a shafin farko. Kuma tsakanin ranar nan da ranar da littafi zai iso kanta akwai watanni da hukunci ke aiki alhali bai shiga kowane kundi ba.

Asabar ɗin nan gaba ɗaya a kan tambaya ɗaya ta ƙare: in Kotun Ƙoli ta yi magana biyu masu karo da juna, wacce alƙalin Babbar Kotu zai bi? Zuciyata tana son bakwai su rinjayi biyar. Akwai ma hujja. Sashe na 234 ya ce kotun tana zama da aƙalla alƙalai biyar, amma in batun fassarar kundin tsarin mulki ne sai bakwai, kuma Benjamin a kan kundin tsarin mulki ya tsaya. Ta yaya zaman biyar, da bai ko taɓo wannan hujjar ba, zai shafe zaman bakwai? Lauyoyi da dama sun yi rubuce-rubuce a kan haka, wasu na nan, wasu na can. Sai dai akwai shari'ar Osakue da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Asaba, ta 2010, inda Kotun Ƙoli ta ce in hukunce-hukuncenta suka yi karo, na ƙasa su bi na baya-bayan nan. Kuma ƙaramar kotu ba ta da bakin da za ta ce Kotun Ƙoli ta yi kuskure ko ta yi mantuwa. Na san alƙalanmu. Ba wanda zai so a ce shi ne ya tsallake sabon hukuncin Abuja ya koma tsoho.

Abin dariya, ina cikin rubuta sunan Osakue sai na ji muryar Oga a kaina. Na koma na duba shi ma ko yana da rai. Ya ci mini kusan awa biyu. Yana nan, ana ta bin sa.

Na kuma koma kan ita kanta Dokar Shaida, don hukunci yana iya mutuwa ba tare da wata kotu ta taɓa shi ba, in majalisa ta canza dokar da ya fassara. Dokar 2011 ta maye gurbin tsohuwa, lambobin sassa suka sauya, shi ya sa in kana karanta tsohon hukunci dole ka riƙa fassara lambar sashe zuwa ta yanzu. A nan na ci karo da sashe na 2, wanda ya ce ana karɓar shaida sai fa in wannan dokar, ko wata dokar tarayya, ko wata doka da ke aiki bisa ƙa'ida a Najeriya ta hana. Wannan jimlar ta ƙarshe ƙofa ce. Lauyan magada zai iya cewa ita kanta dokar tarayya ta bar wa dokar jiha wuri. Ni kuma zan ce ai tambayar ke nan, ko dokar jihar tana aiki bisa ƙa'ida. Jayayya ce mai daɗi a aji. Amma gidan mutum ba abin gwaji ba ne.

Mafitar a cikin Adetutu ɗin kansa na same ta, a karatu na biyu, bayan fushi ya sauka. Hukuncin bai ce a jefar da takardar a kwandon shara ba. Cewa ya yi ya danganta da abin da aka kawo ta ta tabbatar. In don a nuna mallaka ne, a'a. In kuwa don a nuna an yi ciniki, an biya kuɗi, to ana karɓar ta kamar rasit. Kuma wanda ya biya kuɗi aka sa shi a cikin gida yana da haƙƙin da kotu ke karewa bisa adalci, wanda ba mai ture shi sai wanda ya sayi gidan da kuɗinsa bisa ƙa'ida ba tare da sanin akwai wani a ciki ba. Wannan tsohuwar magana ce, tana cikin shari'ar Okoye da Dumez tun 1985. Na bi sawunta ita ma, da suna da kuma mas'ala, na tarar duk guguwar nan ba ta taɓa ta ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Magada kuwa ba masu saye ba ne, abin da mahaifinsu ya bari suka gada, har da cinikin da ya yi.

Matsalar ita ce takardar kariyar da muka riga muka shigar ta ambaci takardar Baba a matsayin shaidar mallaka. Da a haka muka je, da hannunmu muka miƙa wuya.

Litinin da safe na kai wa Oga shafi uku. Ya karanta bai ce komai ba har ya kai ƙarshe. Ni ne na kasa haƙuri, na ce, "Ranka ya daɗe, in ɗaya ɓangaren ba su san da Adetutu ba, ai ba sai mun tona ba." Ya ɗago. Ya ce in ɗauko ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya na 2007 in karanta ƙa'ida ta 32 da ƙarfi. Na karanta: lauya zai bayyana wa kotu madogarar da ya san ta saɓa wa matsayin wanda yake karewa kai tsaye, in abokin hamayya bai kawo ta ba. Ya ce, "Ka ji. Kuma ko ba don wannan ba, kana zaton Mai shari'a ba ya karatu? Ranar da ya gane ka ɓoye masa hukunci ɗaya, shekara goma duk abin da ka karanta masa sai ya je ya duba da kansa."

Muka nemi izinin gyara takardar kariya, kotu ta ba mu. Muka ambaci takardar a matsayin shaidar ciniki da biyan kuɗi, muka jero zaman shekara ashirin da ɗoriya, da ginin da Baba ya ƙara, da shaidar maƙwabta. Benjamin da Anagbado muka ajiye su a sahu na biyu, don in shari'ar ta hau sama a tarar mun tada batun tun daga ƙasa.

Ranar da Baba ya shiga akwatin shaida, ya warware ledojinsa a hankali, aka miƙa takardar. Lauyan magada ya miƙe tun kafin ta isa hannun rajistara. Kundi yake riƙe da shi, da 'yar takarda maƙale a ciki, kuma daga inda nake zaune ina iya hango lambar da ke bayansa: 1711. Ya karanta daidai sakin layin da ya zaunar da ni ranar Juma'a. Oga ya bar shi ya gama, sannan ya tashi ya ce, "Ya Mai shari'a, mun yarda da duk abin da abokina ya karanta. Muna roƙon a ci gaba da karatun zuwa gaba kaɗan, sannan a dubi sakin layi na 7 na takardar kariyarmu." An karɓi takardar a matsayin shaidar biyan kuɗi, aka sa mata lamba.

A waje Baba ya riƙo hannuna yana tambaya ko za a dawo masa da takardarsa, don bai taɓa kwana ba ta a ƙarƙashin katifa ba. Na ce sai an gama shari'a, Baba, amma tana hannu mai kyau. Bai gamsu ba. Sai da Malam ya je ya yi masa hoton ta kala, ya sa masa a ledar.

Da muka koma ofis na zaro kashi na 1641 daga kanta, na ari fensirin Malam, na rubuta a gefen shafi na 38: hattara, duba Abdullahi da Adetutu, kashi na 1711, bai ambace shi ba amma ya saɓa masa. Oga yana wucewa ya leƙa ta kafaɗata. Ya ce, "Sa kwanan wata. Kuma rage girman rubutun, ka bar wuri a ƙasa."